Zuwa ga Edita: A Riƙa Tambayar Abin da Ke Aljihun Mamaci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka. Ni tsohon magatakardan kotu ne, na yi shekara talatin da ɗaya ina rubuta abin da shaidu ke faɗa a gaban alƙali kafin in yi ritaya. Na daɗe ina sayen jaridarku, amma ban taɓa rubuto muku ba sai yau. Abin da ya sa na ɗauki biro wani ɗan labari ne da na gani a shafinku na ciki makon jiya, layi huɗu kacal: an tsinci gawar "wani matashi" a bayan gari, 'yan sanda sun ce suna bincike. Ba suna, ba unguwa, ba sana'a, ba a ce yana da uwa ko mata ba. Na ajiye jaridar na kasa ƙarasa kokon da ke gabana, domin shekara shida da suka wuce da irin wannan layi huɗun wata jarida ta sallami ɗan ƙanwata.

Zan dawo kan yaron. Ina roƙon ka ba ni fili tukuna in ba masu karatu labarin wata mata Ba'amurkiya, Edna Buchanan, wadda ta yi wannan aiki naku na ɗauko labarin kisa da sata kusan shekara goma sha takwas a birnin Mayami na jihar Fulorida, daga baya ta koma rubuta ƙagaggun labarai na bin sawun mai laifi. Na san ta ne ta hanyar wani littafinta da na saya wajen masu baje tsofaffin littattafai a bakin titi, bangonsa ya yage, wani ma ya yi lissafin bashi a shafin ƙarshe. Sunansa The Corpse Had a Familiar Face, ya fito a 1987, kuma tarihin aikinta ne da bakinta. Ma'anar sunan ita ce gawar da aka tarar fuskarta sananniya ce. Duk wanda ya daɗe a kotu ko caji ofis ya san wannan rana, ranar da za a yaye mayafi ka ga wanda ka sani.

An haife ta a 1939 a Paterson, wani garin masana'antu a jihar New Jersey. Shekarar ke nan da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a nan Zariya, abin da ya sa ban taɓa manta shekarar haihuwarta ba. Gidansu ba na masu hali ba ne. Tun tana ƙarama take karanta wa kakarta jarida da ƙarfi, domin tsohuwar daga Poland ta zo, ba ta iya karatun Turanci ba, kuma labaran 'yan fashi da masu kisa ne suka fi jan hankalin yarinyar. Ba ta yi digiri ba. Aikin masana'anta ta yi, tana haɗa wayoyin na'urar tarho. Sai ta je hutu Mayami tare da mahaifiyarta a farkon shekarun 1960, garin ya shiga ransu, suka tattara suka koma can. Ta fara aiki a wata ƙaramar jarida ta Miami Beach inda mutum ɗaya ke yin aikin mutum biyar, sannan a farkon shekarun 1970 babbar jaridar garin, Miami Herald, ta ɗauke ta. A can aka bar mata ɓangaren 'yan sanda, wanda a lokacin ake ganin ba wurin mace ba ne.

Sai ka san yadda Mayami take a wancan zamani kafin ka gane nauyin da ta ɗauka. Hodar iblis ce ke kwararowa daga Kolombiya, dillalanta suna harbe juna da rana tsaka a kasuwa da kan titi. A 1980 kimanin mutum 125,000 suka ƙetaro teku daga tashar Mariel ta Kyuba cikin 'yan watanni, gari ya cika ya batse, hukuma ta rasa inda za ta sa kanta. A 1981 kaɗai an kashe mutum 621 a gundumar Dade, inda Mayami take. Ɗakin ajiye gawa ya cika har sai da ofishin likitan binciken gawa ya yi hayar babbar mota mai firiji, irin ta dakon nama, ana ajiye mutane a ciki. A tsawon aikinta ta ba da labarin mutuwar fiye da mutum 5,000 da suka yi mummunan ƙarshe, kimanin 3,000 daga ciki kisan kai ne.

To a nan ne rigimarta da editocinta ta taso, kuma a nan nake so ka tsaya, Malam Edita, domin kujerarka ce ake magana a kai. Da gawa ta yi yawa, sai suka ce mata shafi ba zai ɗauka ba, ta riƙa zaɓen kisa mafi girma na ranar ta rubuta shi kaɗai. Ta ce ita ba ta san yadda ake auna wannan ba, domin a wurin wanda aka kashe da danginsa kowane kisa shi ne mafi girma. Sai ta samo dabara: ta rubuta labari ɗaya, ta cusa duk waɗanda aka kashe a ranar a cikinsa, kowa da sunansa da shekarunsa da abin da ya fito yi. Talaka ne, baƙo ne mara takarda, mashayi ne, karuwa ce, duk sai ta sa. Ni ma na ga yadda ake wannan tankaɗe da rairaya a namu wurin. Idan ɗan babban gida ne aka taɓa, kotu kan cika da 'yan jarida har a rasa benci. Idan ɗan dako ne, daga ni sai alƙali sai ɗan sanda mai gabatar da ƙara, sai wata tsohuwa a bakin ƙofa da ba ta san ma an ɗage zaman ba.

Yadda take aikin shi ya fi burge ni. Ba ta tsayawa kan takardar da kakakin 'yan sanda ya miƙa. Takan je wurin da abin ya faru, ta yi ta tambayoyin da masu bincike ke ganin shirme ne: wane kaya ne a jikinsa, me aka samu a aljihunsa, me ke kan murhu a gidan lokacin da aka shigo, me ake kallo a talabijin. 'Yan sanda har gajiya suke yi da ita. Amma daga irin waɗannan ƙananan abubuwa mutum ke fitowa a takarda da ransa, mai karatu ya ji kamar maƙwabcinsa ne. Na san gaskiyar wannan daga teburina. Shaida zai yi awa guda yana zuba ba abin da ya zauna, sai ya ce takalmin mamacin ɗaya a ƙafa ɗaya a bakin kwalbati, nan take kotu ta yi tsit, alƙali ya ɗago kai.

Akwai wani labarinta da har yau ake koyar da masu koyon aikin jarida a Amurka da shi. Wani mutum ya shiga shagon sayar da soyayyar kaza da dare, ya sha ya yi tatil, ya kutsa gaban layi, aka ce ya koma baya ya bi sahu. Ya koma. Kafin layi ya zo kansa kaza ta ƙare. Ya fusata ya kai wa matar da ke sayarwa naushi, maigadin shagon ya harbe shi. Wani ɗan jaridar da sai ya fara da cewa rundunar 'yan sanda ta tabbatar da faruwar wani lamari. Ita kuwa sunan mutumin ta rubuta cikakke, ta bi shi da cewa ya mutu da yunwa. Jimlar farko ke nan, ba ƙari. Ba zan ɓoye maka ba, wasu daga cikin irin waɗannan jimloli nata suna da ɗan barkwanci da ni ba na so a yi a kan gawa, tarbiyyarmu ba ta ba da wannan ba. Amma wannan ta kaza ban ga wasa a cikinta ba. Mutum ne da ba wanda zai tuna da shi, mai laifi ma a abin da ya yi, ta sa sunansa a gaba, ta sa ka ji tausayin cikin da bai samu abin da ya fito nema ba.

Wajen iyalan mamata kuma tana da wata al'ada. Takan buga waya gidan, wani lokaci a zage ta a kife wayar. Sai ta ƙirga daƙiƙa sittin ta sake bugawa. Dalilinta shi ne sau da yawa wanda ya kife ya yi nadama, ko kuma wani a gidan ya ɗauka wanda yake so a san ko wane ne aka rasa. A wurinmu ba a yin haka ta waya, kuma ba na ba wakilanku shawarar su yi. A nan sai ka je da ƙafarka, ka cire takalmi, ka zauna kan tabarma cikin masu zaman makoki, ka yi gaisuwa, ka yi addu'a, ka bari a yi sadakar uku, sannan ka nemi babban gidan ka gabatar da kanka. Amma abin da ta gano gaskiya ne ko'ina: masu rashi suna so a tambaye su. Ƙanwata ta yi wata guda tana jiran wani ya zo ya ce mata, Hajiya, wane irin yaro ne? Ba wanda ya zo.

Wanda bai san aikinta ba zai ɗauka 'yar amshin shatan 'yan sanda ce, tunda kullum tana caji ofis, da yawansu ma abokanta ne. Shari'ar Arthur McDuffie ta isa amsa. Baƙar fata ne, ɗan shekara 33, ma'aikacin inshora, tsohon sojan ƙundunbalar ruwa. A ranar 17 ga Disamba 1979 'yan sanda suka bi shi a guje yana kan babur, suka kama shi. Rahoton da suka rubuta ya ce faɗuwa ya yi daga babur ya fasa kai. Bayan kwana huɗu ya cika a asibiti. Da an bi takardar hukuma, da shi ke nan, hatsari ne. Sai wani ya tsegunta mata cewa ba haka aka yi ba. Ta tashi ta je har inda aka jawo babur ɗin aka ajiye, ta duba shi da idonta, ta ga irin fashe-fashen da ke jikinsa ba na faɗuwa ba ne, na duka ne. Ta bi likitocin binciken gawa, ta bi iyalinsa, ta rubuta. Daga baya ta tabbata cewa dukansa aka yi da kulake da manyan tocila har ƙoƙon kansa ya tarwatse, sannan aka bi ta kan babur ɗin da motar sintiri don a ce hatsari ne.

An gurfanar da 'yan sandan. Aka ɗauke shari'ar daga Mayami zuwa Tampa, aka zaɓi masu taya alƙali yanke hukunci su shida, dukansu farar fata. A ranar 17 ga Mayu 1980 suka wanke mutum huɗun da suka rage a gaban kotu, bayan shawarar da ba ta kai awa uku ba. A daren nan unguwar Liberty City da ke Mayami ta kama da wuta, aka yi kwana uku ana tarzoma, mutum 18 suka mutu. Na sha tunanin yadda ta kwana a wannan dare. Ta tono gaskiya, gaskiyar ta je kotu ta faɗi, sannan ga sababbin gawawwaki goma sha takwas da ita ce dai za ta je ta tambayi sunayensu.

A 1986 aka ba ta lambar yabo ta Pulitzer, wadda ita ce mafi girma a aikin jarida a Amurka. Ba a daɗe ba ta bar zuwa ofis kullum ta koma rubutun littafi. Ƙagaggen labarinta na farko ya fito a 1990. A 1992 ta ƙirƙiro Britt Montero, wata 'yar jarida mai bin labaran 'yan sanda a Mayami, uwa Ba'amurkiya uba ɗan Kyuba, ta yi ta rubuta littattafai a kanta ɗaya bayan ɗaya. Na farkonsu, Contents Under Pressure, labarin wani baƙar fata ne, tsohon ɗan wasa, da ya mutu bayan 'yan sanda sun bi shi, aka ce hatsari ne, gari ya rikice. Kowa a Mayami ya san wace shari'a ce ke ƙarƙashin labarin. Bayan shekara goma sha biyu abin bai sake ta ba. Ba ita kaɗai ta bi wannan hanya ba, marubuci Michael Connelly ma daga teburin labaran 'yan sanda na jaridar Los Angeles Times ya fito, littafinsa na farko a 1992 ɗin.

Me zai sa wadda ta kai ƙololuwa a faɗin abin da ya faru ta koma ƙaga abin da bai faru ba? Da farko na ɗauka kuɗi ne ko gajiya, kuma wataƙila akwai su. Amma ita ta bayyana cewa a jarida ba ta da ikon rubuta babin ƙarshe. Yaro ya ɓata ba a gan shi ba, gawa ta kwanta ba a san mai ita ba, mai kisa ya sha. A littafi kuwa ita ke da alƙalami har ƙarshe, tana iya sa a kama mai laifi, uwa ta san abin da ya sami ɗanta. A 2004 ma ta fitar da littafi kan wata tawagar 'yan sanda da aikinta kawai shi ne buɗe tsofaffin fayilolin kisa da aka daɗe da rufewa. Wannan na fahimce shi fiye da yadda zan iya faɗa. A bayan teburina akwai wani kabad na ƙarfe da muke tara fayilolin da suka kwanta: mai gabatar da ƙara an yi masa canjin wurin aiki, shaida ya gaji da kuɗin mota, ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a shekara uku, wanda ake tuhuma yana tsare ba a ce ya yi ba a ce bai yi ba. Ranar da na yi ritaya na buɗe kabad ɗin na daɗe a tsaye. Har yau akwai sunayen da nake tashi da su da asuba.

Duk da haka, in ka tambaye ni, aikinta na jarida ya fi littattafan ƙagen daraja. Na karanta uku daga cikinsu, suna da daɗi, akwai sanin makamar aiki a kowane shafi, ka san marubuciyar ta shaƙi warin ɗakin gawa ta kuma ji yadda ɗan sanda ke magana in ya yi kwana biyu bai runtsa ba. Amma ƙarshensu yakan ɗaure tsaf fiye da yadda na saba gani a duniya. Littafi yana sanyaya zuciyar mai karatu. Labarin jarida mai suna da unguwa da kamanni kuwa yana iya sa wani ya tuna ya ga wani abu a daren, ya je ya faɗa. Ita kanta ta ga haka sau da dama, an gano mutanen da suka ɓata kuma an san gawawwakin da ba a san masu su ba saboda abin da ta buga. Ga 'ya'yanmu masu rubuta littattafai a waya, waɗanda na ga wasunsu sun fara gwada labaran bincike, shawarata ita ce su je su zauna a bencin baya na kotun majistare wata uku. Ba a biyan ko sisi a ƙofa.

Yanzu bari in koma kan ɗan ƙanwata, Allah ya jiƙansa. Ɗan acaba ne, shekararsa ashirin da shida. Babur ɗin ma ba nasa ba ne tukuna, biya yake yi duk mako, saura wata biyu ya gama. Ana saura kwana tara sallah ƙarama wasu suka tare shi bayan an sha ruwa, suka ce ya kai su wata unguwa a gefen gari. Da safe manoma suka gan shi. Jaridar da ta ɗauki labarin ta ce "wani ɗan acaba", ta ce an tafi da babur, ta ce ana bincike. Kafin mu isa asibiti hoton gawarsa ya zaga Facebook, ba mayafi, mutane suna ta turawa juna, kuma a can ma ba wanda ya san sunansa. Hoton fuskarsa a fashe ya je ko'ina, sunan da aka raɗa masa ranar suna bai je ko'ina ba.

Ni na karɓi kayan da ke jikinsa, domin na san hanyar takardu. A aljihun gaba akwai naira dubu biyu da ɗari uku, ba su ma taɓa ba, da dabino guda biyu a ƙulle cikin leda, da rasit ɗin tela. Ya kai ɗinkin sallah na 'yarsa mai shekara uku, ya biya rabi, an rubuta masa ya dawo ranar Alhamis. Da wani wakili ya zo ya tambaya, da na nuna masa. Da kuma an buga sunansa da launin babur ɗin da lambarsa da mashigar da yake tsayawa, wa ya sani ko wani mai shayi ko mai faci zai ce ya ga waɗanda suka hau bayansa. An yi holin wasu matasa gaban 'yan jarida bayan wata biyu, aka ce ɓarayin babura ne, aka ɗauki hotonsu a zaune a ƙasa, ba wanda ya bi ya ji ko an kai su kotu, ko suna da hannu a namu. Fayil ɗinsa na san irin kabad ɗin da yake ciki.

Na san wakilanku ba su da motar ofis, na san albashi ba ya isa, na san akwai wuraren da zuwa ma kasada ce da rai, kuma na san wani lokaci iyali da kansu ke cewa a sakaya suna, wannan haƙƙinsu ne a girmama. Ba na neman abin da ya fi ƙarfinku. Roƙona shi ne matashin nan na makon jiya. Ka tura wanda ya rubuto layi huɗun ya koma. Ya je asibitin da aka kai shi, ya tambayi mai unguwa, ya nemo gidan, ya yi gaisuwa yadda ya kamata. In sun yarda, ku buga sunansa da sana'arsa da inda aka yi masa ganin ƙarshe. Bayan wata uku kuma ya sake komawa caji ofis ya tambayi inda bincike ya kwana, ku buga amsar ko da amsar ita ce ba komai.

Mun je wajen telan ranar Alhamis ɗin, ni da ƙanwata. Ya ƙi karɓar cikon kuɗin. Yarinyar ta sa rigar ranar sallah, shuɗiya ce mai fararen furanni, ta ɗan yi mata yawa domin uban ya ce a sake ta saboda ta kai baɗi.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya taimaka.

Naka,
Tsohon magatakardan kotu,
Zariya.